Tagar Inna Larai

Duk wanda ya taɓa kai niƙa bayan tashar Ƙanƙara ya san injin Malam Ɗanliti, kuma in ya san injin to ya san muryar matarsa Inna Larai, don kusan tare suke tashi. Rumfar injin tana tsallaken lungu, ba ta fi taku goma daga tagar ɗakinta ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi Malam zai yi bisimilla ya murɗa hannun injin, ƙarfen nan ya yi tari sau biyu, ya turnuƙe lungun da baƙin hayaƙi, sannan ya kama kwakwazo har la'asar sakaliya. Don Allah kuwa ba shi kaɗai ke cika wa unguwar kunne ba. Ga mai walda a kan kwana, ga janaretan mai cajin waya, ga 'yan acaɓa da suka ciccire salansa don a san sun wuce, ga kuma wani mai maganin basir da ya ɗaure lasifika a kan motarsa yana faɗin abin da bai kamata yara su ji ba. Amma duk cikinsu ba wanda Inna Larai ke yi wa faɗa sai mijinta.

Sau uku a rana take tura ƙyauren langa-langan tagar ta saki murya.

"Wayyo ni Larai! Wannan bawan Allah zai kashe ni da sauran kwanana! Shekara talatin da 'yan kai ba a bar kunnena ya huta ba! Allah ya isa tsakanina da wannan ƙarhe!"

Matan da ke layi da kwanukansu su yi ta ƙyaƙyata dariya, wata ta ce, "Inna ta tashi." Malam kuwa ko ɗagowa ba ya yi. Sai dai in ka lura da kyau za ka ga gefen gemunsa, wanda gari ya mayar fari fat, yana ɗan motsi.

Ga abin da matan layi ba su sani ba, har 'ya'yan cikinta ma ba su sani ba. Shekarar da suka taso daga Pauwa Malam ya kafa injin, bel ya fizgi hannunsa na hagu ya tafi da yatsu biyu. Da ya warke ya koma bakin aiki, sai Larai ta kasa zaune ta kasa tsaye. Muryar injin na ɗan sauyawa za ta saki muciya ta ruga zaure, goyo na rawa a bayanta. Ran nan da safe ya tsayar da ita ya ce, "Ke, za ki kashe kanki a banza. Kin ga kowane mai niƙa shina bugun mazurari da sanda don hatsi ya gangara. To in kin ji na buga uku, na dakata, na ƙara ɗaya, lahiya lau nike." Ta ce to shi ta yaya zai san ta ji? Ya ce wannan kuma ita ta sani.

To ina mace mai kunya za ta leƙo taga gaban matan unguwa ta ce wa miji "na ji, Allah ya tsare"? Ranar farko da ta ji uku da ɗaya, abin da ya zo bakinta shi ne faɗa, ta kuwa zazzaga shi. Malam ya yi dariya har gari ya shige masa hanci. Daga ranar abin ya zauna.

Da shekaru suka tura, injin ya cinye masa kunnen hagu gaba ɗaya, na dama ma saura ƙiris. A cikin gida duk abin da za a faɗa masa sai an kwarara shi yadda gida uku za su ji. Ana iya kwarara "tuwo ya sauka". Ana iya kwarara "ga carbinka can kan buzu". Amma akwai maganar da ba ta kwararuwa, kuma ita ce maganar da tsofaffi biyu suka fi bukata. Sai ya zama abin da ya rage musu shi ne uku da ɗayan nan da faɗan da ke biye da su, don muryar Larai siririya ce mai kaifi, ita kaɗai ke ratsa ƙarar injin ta isa kunnensa na dama. Ita ma gwiwoyinta sun ƙi ta, shekara uku rabonta da wuce zaure da ƙafarta. Tana nan kan gado jikin taga tana saƙar faifai, kunnenta na tsallaken lungu.

Matsalar ta faro ne daga Hafiza, autarta, malamar firamare, yarinya mai tausayi da saurin hannu. Ciwon kai ya matsa wa Inna, Hafiza ta kai ta asibiti, likita ya ce jininta ya hau. Ya tambaya ko tana samun barci, ko akwai hayaniya kusa da ita. Hafiza ta ce, "Likita, ai a cikin hayaniya take kwana take tashi." Washegari ta laɓe da wayarta ta ɗauki faɗan hantsi tun daga "wayyo ni Larai" har "Allah ya isa", ta tura wa yayanta Sanusi a Kaduna, ta rubuta a ƙasa: ka ji halin da Inna ke ciki.

Sanusi shi ne ɗan fari. Tun da aka yaye shi goggonsa ta ɗauke shi zuwa Daudawa kamar yadda aka saba, can ya girma. Larai ba ta taɓa kama sunansa ba, in zancensa ya kama sai ta ce "mutumin Kaduna". In ya zo gaisuwa ya tsuguna a bakin ƙofa, sai ta juya fuska ta amsa wa bango. Shekararsa arba'in da biyu ba ta taɓa ce masa "kai" ba, balle faɗa. Ba rashin so ba ne, Allah shaida, kunyar ɗan fari ce da ta gada daga uwarta, kuma ba ta san wata hanyar ba. Amma tana tune da shi yana ɗan shekara tara, an kawo shi hutu, tana balbale ƙannensa da faɗa kan sun ɓarar da kunu, shi kuwa yana tsaye a gefe yana kallonsu kamar wanda aka raba tsire aka tsallake. Wannan kallon ya daɗe yana damunta.

Yanzu ya zama gwanin alminiyam da gilashi. Shi ke yi wa otal-otal tagogi, har da ɗakunan da 'yan rediyo ke shiga su yi magana ba a jin motsin waje. Da ya saurari muryar uwarsa a waya, sati bai zagayo ba sai ga shi a ƙofar gida, da gilashi naɗe cikin bargo a bayan mota.

Ya cire tsohon ƙyauren langa-langan ya jingine shi a zaure. Yana aiki yana yi wa Hafiza bayani, da ɗan ƙarfi, don wadda ke fuskantar bango ta ji.

"Kin gani, gilashi biyu ne, ɗaya ya fi ɗaya kauri, da iska a tsakani an rufe ta ruf. Ƙara in ta bugi na farko, kafin ta kai na biyu ta gaji. Amma asirin duk yana ga robar nan ta gefe. In aka bar kafa ko ta allura ce, aikin banza aka yi. Shi ya sa ban yi mata mabuɗi ba."

"To iska fa, Yaya?"

"Zan huda wata ƙarama ta tsakar gida, in sa silin, in sa fanka mai sola. Kuma na waje ba ya ganin na ciki, fuskarsa kawai zai gani. Ɗakin Inna ne, bai kamata kowane mai wucewa ya leƙa ba."

Larai tana ji. Ta gane abin da zai biyo baya tun daga "ban yi mata mabuɗi ba", amma me za ta ce, kuma wa za ta ce wa? Kwana biyu yaron nan yana durƙushe a ɗakinta yana gumi, yana shafa roba da ɗan yatsa a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Wannan ne karo na farko da ya taɓa yi mata wani abu da hannunsa a cikin ɗakinta. Da ya gama ya ja ƙofa, duniya ta ɗauke ɗif. Ta ji numfashinta, ta ji nasa. Ta dubi bango ta ce, "Allah ya yi albarka." Ya ce, "Amin, Inna," murya na rawa don daɗi.

Kada a ci zalin gilashi, ya yi aikinsa. Ranar ta yi barcin rana irin wanda ta manta akwai shi. Mai maganin basir ya ɓace daga rayuwarta, 'yan acaɓa suka koma wucewa kamar kifi a ruwa. Ciwon kan ya sauka, da aka koma asibiti likita ya duba ya ce madalla. Abin da ke zagayowa ta tsakar gida ɗan gunji ne kawai mai nisa, ba ka bambance inji da janareta a ciki.

Amma gilashin bai hana ta gani ba, kuma nan ne ciwon yake. Da hantsi ta ga Malam ya ɗaga sanda. Ta ga ta sauka sau uku, ta tsaya, ta sauka sau ɗaya, ba ko ƙwas. Ta ga ya karkato kunnen dama wajen tagar yana jira. Ta buɗe baki ta saki faɗan da duk ƙarfinta, faɗan ya bugi gilashi ya dawo mata. Malam ya ɗan jima a karkace, sannan ya ɗago ya dubi tagar, bai ga kowa ba sai wani tsoho mai farin gemu riƙe da sanda. Ya mayar da kai ga aikinsa.

Haka aka yi da azahar, haka aka yi da la'asar. Haka aka yi sati guda. A sati na biyu ya koma bugawa sau ɗaya a rana. A na uku ya daina duban tagar.

Wata ranar da yamma ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗakinta, Hafiza na tsakar gida tana kwashe tuwo. Ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Kin samu hutu dai?"

"Na samu!" ta kwarara, don ba ta da wata amsar da za ta kwararu.

Ya gyaɗa kai. Ya dubi gilashin, ya dubi faifan da ke hannunta. Ya ce, "Madalla. Ashe duk shekarun nan da gaske kike."

Maganar ta soke ta har ƙashi. Ta buɗe baki. Ga Hafiza da kwano a hannu, ga maƙwabta bayan katanga ana jin tarinsu. Yaya za ta ɗaga murya ta ce, kai tsohon nan, faɗan nan shi ne abin da nake jira tun asuba? Abin da ya fito shi ne, "Tuwonka zai huce!" Ya ce to, ya juya. Ta bi bayansa da kallo, ta ga rigar ta yi masa yawa.

Ta yi tunanin gaya wa Hafiza, kunya ta rufe ta. Uwa ta zaunar da 'yarta ta ce ni da ubanki muna da 'yar alama tsakaninmu? Gara ƙasa ta tsage. Ta yi tunanin aika wa mutumin Kaduna ya zo ya cire abinsa, sai ta tuna muryarsa da ya ce amin. Ta zauna tsakanin biyun tana saƙa tana warwarewa, faifai ɗaya ya ƙi ƙarewa har wata ya mutu.

Ranar wata Asabar da safe sai ga Tani, ƙawarta tun suna 'yan mata a Pauwa suna zuwa rafi tare. Tani ta cocin ƙauyensu ce, Larai ta masallaci, abin bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Ta ajiye ƙullin dawarta a zaure ta shigo, ta ja ƙofa, ta tsaya tana zare ido.

"Ikon Allah! Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Ke Larai, nan kike zaune kamar ƙwai cikin kwando?"

"Zauna ke dai, ki bar ni da abin da ya ishe ni."

Tani ta zauna bakin gado ta gyara ɗaurin kallabi. "To ai sai in yi maki murna. Yau za a rabu da maƙiyinki."

"Wane maƙiyi?"

"Inji mana. Ba a gaya maki ba? Ɗanki na hanya da wani Alhaji Muttaka daga Sabuwa, da akori-kura za su zo su kwashe shi. Maigidanki da bakinshi ya hwaɗa mani yanzu, kin san shi in ya yi magana har tasha ana ji. Ya ce tun bara yaron ke roƙon shi ya huta saboda kunnenshi, shina ƙi. Yanzu kau ya ce tunda har sai da aka toshe maki taga, gara ya kashe ƙarar gaba ɗaya ki samu ki sha iska. Dawata ce niƙan ƙarshe."

Zaren kaba ya suɓuce daga hannun Larai. Ta san mijinta. In aka ɗauke injin nan zai zauna a dakali ya zuba wa lungu ido, ba ya jin kowa, ba mai jinsa, kuma zai tafi kabari yana ganin shekara talatin ya yi yana cutar da ita. Hawaye ya zubo mata ba ta shirya ba.

Tani ta dube ta ta yi ɗan tsaki mai taushi. "Ke dai kin cika wauta. Kina cewa ban sani ba? Shekara nawa ina kawo niƙa nan? Uku da ɗaya, sai ki hau bori. Tun ina da haƙora na gane."

"Tani, ki rufa mani asiri."

"Bari in je in gaya mashi."

"Ki kwarara mashi a kunne gaban matan layi? In kika yi haka kin kashe ni."

"To zauna, kunya ta ci ki ta ci inji," in ji Tani. Ta tashi ta fita, ta ja ƙofar da ƙarfi, ƙofar ta rufu ba ƙara saboda roba, abin ya ƙara ba ta haushi.

Ba a jima ba Larai ta ga akori-kura ta toshe bakin lungu. Ta ga Sanusi ya fito, da wani mai babbar riga ruwan toka. Aka gaggaisa, Hafiza ta fita da ruwa a kofuna. Alhajin ya zagaya injin yana ƙwanƙwasa nan yana leƙa can, ya yi alama a tayar ya ji. Malam ya murɗa hannu, hayaƙi ya tashi. Ya ɗauki dawar Tani ya juye a mazurari, ya tsaya yana kallon yadda take gangarawa. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauko sandar da ya kwana biyu bai taɓa don ita ba. Ya buga uku. Ya dakata, dakatawa mai tsawo, ya juyo ya dubi tagar sosai. Ya ƙara ɗaya.

Larai ta gane sallama ce yake yi mata.

Ta bugi gilashin da tafin hannu. Ta buga da faifai, ta buga da kofin silba. Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba, don mutumin Kaduna ba ya aikin algus. Ta dubi ƙofa. Daga gadonta zuwa bakin zaure taku talatin ne ga mai ƙafa. Ta jawo gyale ta yafa, ta zuro ƙafafu ƙasa, gwiwoyin suka ce ba su san zance ba. Ta dafa bango har ƙofa. A tsakar gida ta samu taɓarya jingine da turmi, ta rungume ta ta mai da ita sanda. Kaji suka watse. Ƙarar duniya ta dawo mata gaba ɗaya, walda da janareta da mai maganin basir, kuma a ƙarƙashinsu ga muryar injin nan da ta sani kamar tarin mijinta. Gumi ya jiƙe ta kafin ta kai zaure. Ta wuce tsohon ƙyauren tagarta da ke jingine, ta kama ginshiƙin ƙofa da hannu ɗaya, taɓarya a ɗayan, ta cika ƙirji da iska.

"Wayyo ni Larai! Jama'a ku zo ku gani! Wannan bawan Allah ya gama kashe mani kunne, yanzu kuma zai kwashi bala'in ya kai Sabuwa ya kashe na bayin Allah! Wa ya ce a ɗauke shi? Nan ya hwara, nan zai ƙarasa! Shekara talatin da 'yan kai ina haƙuri da wannan ƙarhe, sai yau da na saba za a ce wani ya tahi da shi? Allah ya isa tsakanina da duk mai taɓa shi!"

Lungun ya tsaya cak. Hafiza ta saki kofi. Alhaji Muttaka ya ja da baya har rigarsa ta shafi gari.

Malam bai juyo nan da nan ba. Kansa ya karkata dama a hankali, kamar wanda bai yarda da kunnensa ba. Sannan gemun nan ya fara motsi. Ya ɗaga sanda, idonsa na kanta, ya buga uku, ya dakata, ya ƙara ɗaya.

"Ka ji shi ko! Ƙarawa ma yake yi! To ka ƙara, in na mutu ka huta!"

Matan layi suka fashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Malam ya goge ido da bayan hannunsa mai yatsu uku, gari ya yi masa dabbare-dabbare a fuska. Ya juya ga baƙon ya yi magana yadda har tasha za a ji.

"Alhaji, ka yi haƙuri, an sha wahalar hanya. An hwasa."

Alhaji Muttaka mutumin kirki ne. Ya dubi tsohuwar da taɓarya, ya dubi tsohon, ya yi murmushi ya ce ai injin da ke da mai gadi irin wannan ba ya sayuwa.

Sanusi kuwa yana tsaye a bakin rumfa. Larai ta ga Tani ta ja hannun rigarsa gefe tana yi masa magana a kunne, tana nuna sanda, tana nuna taga, tana lissafa uku da ɗaya a yatsunta. Ta ga ya dubi ubansa, ya dubi gilashin da ya yi alfahari da shi, sannan ya dube ta. Kunya ta kama ta kamar ta nutse. Ta ce wa Hafiza, "Ke kuma kin tsaya kina kallona, zo ki kama ni in koma, shashasha." Hafiza ta zo tana dariya tana kuka.

Bai koma Kaduna a ranar ba. Ya auna tagar, ya shiga mota ya tafi Funtuwa, ya dawo da ƙarafa. Washegari tun da sanyin safiya yana ɗakin da kayan aikinsa. Ya yanke robar da ya shafa da hannunsa, ya ciro gilashin, ya zaunar da shi cikin wani sabon firam mai buɗewa, ya sa mariƙi a ƙasa daidai inda hannun mai zaune a gado zai kai. Larai na fuskantar bango tana saƙa.

"In ta rufe," yake gaya wa Hafiza, "shiru ne kamar da, ta yi barcinta. In ta so, murɗawa ɗaya ce." Ya murɗa mariƙin ya gwada. "Na kai wa Baba abin toshe kunne irin wanda muke sawa in muna yankan ƙarfe. Ya sa na hagu, ya ture na dama sama. Na ce Baba ai na daman ne mai sauran amfani, shi ya kamata a tsare. Ya ce shi ya sa." Ya yi 'yar dariya. "Mun dai shirya, zai riƙa rufe shi, sai in ya ɗauki sanda."

Hafiza ta fita ta ɗauko koko da ƙosai ta ajiye masa, ta koma wajen wanke-wanke. Ɗakin ya rage su biyu. Yana bin gefen firam ɗin da gudumar roba yana daidaita shi, kwas, kwas, kwas. Can sai ya tsaya. Larai ta ɗauka ya gama.

Sai ta ji ya buga uku. Ya dakata. Ya ƙara ɗaya.

Hannunta ya tsaya a kan faifan. Bai juyo ba, yana durƙushe, ya ba ta baya, gudumar na hannunsa, kansa a ɗan karkace. Akwai furfura a ƙeyarsa, ba ta taɓa lura ba, don ba ta taɓa yarda ta kalle shi da kyau ba. Ta ga yaron nan ɗan shekara tara tsaye a gefe ana yi wa ƙannensa faɗa. Uwarta ba ta taɓa yi wa ɗan fari faɗa ba, kakarta ma ba ta yi ba, amma su ba a taɓa ƙwanƙwasa musu ba.

Ta juyo daga bango.

"Kai kuma hwa? Ban gama da ubanka ba, kai ma ka zo ka ishe ni? Tun asuba kwas-kwas-kwas bisa kaina! Ga koko can an aje maka ya huce, ko kallon shi ba ka yi ba. Dubi wuyanka, kamar ba a dahwa abinci a Kaduna! Aje gudumar nan ka sha, kahin in saɓa maka!"

Sanusi bai motsa ba. Kafaɗunsa ne kawai suka fara rawa. Ya ajiye gudumar a hankali, ya goge fuska da hannun riga, ya jawo kofin kokon da hannu biyu.

"To, Inna," ya ce.

"Da ƙosan. Kar ka rage ko ɗaya."

"To, Inna."

A tsallaken lungu Malam Ɗanliti ya tofa bisimilla ya kama hannun injin. Inna Larai ta gyara zama, ta ɗora hannu a kan sabon mariƙin, tana jira.